Aldo Moro: Gwanin sulhun Italiya da gwamnatinsa ta ƙi yin sulhu a kansa

Da misalin ƙarfe 9 na safiyar Alhamis, 16 ga Maris 1978, Aldo Moro ya bar gidansa a birnin Rum zai nufi majalisar dokokin Italiya. A ranar ne za a gabatar da sabuwar gwamnati don neman amincewar 'yan majalisa, bayan kusan wata biyu ana ja-in-ja tun da ta baya ta yi murabus. Giulio Andreotti ne zai zama Firaminista, amma kowa ya san Moro ne ya ɗinka yarjejeniyar da gwamnatin za ta tsaya a kanta. Karon farko cikin fiye da shekara 30, Jam'iyyar Kwaminis za ta shiga sahun masu rinjaye a majalisa.

Bai isa majalisar ba. A kan titin Via Fani wata mota ta sha gaban ayarinsa ta taka birki, sai wasu mutane sanye da kayan ma'aikatan jirgin sama suka fito daga bakin titi suka buɗe wuta. Cikin 'yan mintoci suka harbe masu tsaronsa biyar, suka tura shi cikin wata mota suka yi gaba da shi. Bayan kwana 55 aka tsinci gawarsa a but ɗin wata ƙaramar mota.

Galibin mutane a wajen Italiya wannan ƙarshen kaɗai suka sani. Amma kafin ranar, Moro ya zama Firaminista sau biyar, ya kuma miƙa takardar murabus sau biyar. Ya ƙare rayuwarsa ta siyasa yana tallafar gwamnatocin haɗaka da ke rushewa kusan duk shekara, har ya zo ya gane cewa yawan rushewar alama ce ta wata cuta da ta fi ta zurfi. Neman maganin wannan cuta ne ya kai shi titin Via Fani.

Ƙasar da gwamnati ba ta cika shekara

Wanda ya san Jamhuriya ta Farko a Najeriya, lokacin da NPC ta haɗu da NCNC kafin Tafawa Ɓalewa ya samu rinjaye, ya riga ya san tushen tsarin: Firaminista yana kan kujera ne muddin mafi yawan 'yan majalisa na bayansa. Sai dai Italiya ta ƙara wa tsarin wasu abubuwa. Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun sha wuya a hannun Mussolini, saboda haka da gangan suka hana kowane mutum ɗaya tara iko. Dole gwamnati ta samu amincewar majalisun biyu, ta wakilai da ta dattawa. Kujeru kuma a wancan lokaci ana raba su ne gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, don haka ko jam'iyyar da ta ci kashi 2 cikin 100 tana da murya, wani lokaci ma ita ke riƙe da makullin gwamnati.

Babbar jam'iyya ita ce Democrazia Cristiana, wadda ake kira DC, jam'iyyar mabiya ɗariƙar Katolika. Daga Disamban 1945 har zuwa 1981 duk wani Firaministan Italiya ɗan DC ne. Amma bayan 1953 ba ta ƙara samun rinjaye ita kaɗai ba, sai da 'yan kanzagi. Ita kanta DC ɗin ba tsintsiya ɗaya ba ce. Ɓangarori ne da dama, kowanne da ubangidansa da 'yan majalisarsa, har wani jami'in jam'iyyar mai suna Massimiliano Cencelli ya shahara da wani lissafi na raba muƙaman minista gwargwadon ƙarfin kowane ɓangare. Da yake a lokacin ana kaɗa ƙuri'ar sirri kan dokoki da yawa, ɗan majalisa zai iya yi wa Firaministansa murmushi da safe, ya kayar da shi da yamma, ba wanda zai san shi ne. Italiyawa na kiran irin waɗannan mutane 'yan harbin ɓoye.

Ta haka gwamnati ke faɗuwa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Amintore Fanfani ya kafa wata a Janairun 1954, majalisa ta ƙi ta kafin watan ya ƙare. Akwai ma wadda 'yan jarida ke wa laƙabi da gwamnatin bakin teku, wato ta riƙon ƙwarya da ake kafawa don ta riƙe ƙasa lokacin hutun bazara kafin manya su dawo su ci gaba da ciniki.

Abin lura shi ne, gwamnati na faɗuwa amma fuskokin ba sa canzawa. Andreotti ya riƙe ma'aikatar tsaro daga 1959 zuwa 1966, ƙarƙashin gwamnatoci bakwai. Dalili kuwa a fili yake. Jam'iyya ta biyu a girma ita ce ta Kwaminis, PCI, mafi ƙarfi irinta a Yammacin Turai, mai ƙuri'un kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe, daga baya ma ɗaya cikin uku. Italiya kuwa mamba ce a ƙungiyar tsaro ta NATO, ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, kuma Amurka da Fadar Vatican ba su yarda 'yan Kwaminis su taɓa mulki ba. Tun da aka fitar da su daga gwamnati a 1947 aka rufe ƙofa. Ke nan masu zaɓe ba su da hanyar kawar da DC, ita kuma DC ba ta da abin tsoro sai kanta.

Malamin jami'a daga kudu

An haifi Aldo Moro ranar 23 ga Satumba 1916 a garin Maglie da ke yankin Puglia, can ƙuryar kudu maso gabashin Italiya, inda talauci ya fi yawa. Mahaifinsa sufeton makarantu ne, mahaifiyarsa malamar firamare. Ya karanta shari'a a Jami'ar Bari, ya kammala a 1938, ya zauna a nan yana koyarwa. Kamar sauran ɗaliban zamaninsa ya shiga ƙungiyar ɗalibai ta gwamnatin Mussolini, amma inda zuciyarsa take shi ne ƙungiyar ɗaliban Katolika, wadda ya shugabanta daga 1939 zuwa 1942. Ta nan ya saba da wani limamin coci, Giovanni Battista Montini, wanda daga baya ya zama Paparoma Paul na Shida.

A 1945 ya auri Eleonora Chiavarelli, suka haifi 'ya'ya huɗu. A 1946, yana da shekara 29, aka zaɓe shi majalisar rubuta kundin tsarin mulki, ya shiga kwamitin mutum 75 da ya tsara daftarin. A nan ya fara zama teburi ɗaya da 'yan Kwaminis da 'yan Soshalis, ya ga cewa ana iya rubuta doka tare da mutanen da ba a yarda da aƙidarsu ba. Ya zama ministan shari'a a 1955, ministan ilimi a 1957, kuma shi ya shigar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa cikin manhajar makarantu.

Ba shi da kamar ɗan siyasar da ke tada jama'a. Mutum ne mai sanyin murya, mai wani farin gashi a gaban goshi, mai zuwa coci kusan kowace safiya. Akwai hotunansa a bakin teku sanye da kwat, mutane na kewaye da shi da kayan wanka. Jawabansa dogaye ne, masu sarƙaƙiya, har a kan tashi daga taro ɓangarori biyu masu gaba kowanne na ganin shi Moro ya goyi baya. Masu sukarsa sun ɗauki hakan rauni da noƙe-noƙe. Wataƙila da gaskiyarsu a wasu lokuta, amma a jam'iyyar da kalma ɗaya mai kaifi za ta iya rusa gwamnati, wannan hazo shi ne kayan aikinsa. Bai taɓa barin koyarwa ba. Ko yana Firaminista yakan je aji a Jami'ar Rum.

Shugabancin jam'iyya ya zo masa ne ta hanyar rikici. A farkon 1959 Fanfani, wanda ya haɗa kujerar Firaminista da ta ministan harkokin waje da ta sakataren DC, ya fusata da 'yan harbin ɓoye ya ajiye dukkansu. Manyan jam'iyyar da suka juya masa baya suka nemi wanda ba zai dame su ba, mai riƙon ƙwarya, suka ɗauko Moro. Ya riƙe kujerar kusan shekara biyar, ya kuma kai su inda ba su yi niyyar zuwa ba.

Buɗe ƙofa ta farko

A 1960 DC ta gwada jingina da dama. Gwamnatin Fernando Tambroni ta tsaya da ƙuri'un MSI, jam'iyyar magadan Mussolini. Zanga-zanga ta ɓarke a Genoa ta bazu, 'yan sanda suka kashe mutum biyar a Reggio Emilia ranar 7 ga Yuli, Tambroni ya sauka kafin watan ya fita. Wannan hanya ta toshe. Saura ta hagu, wato Jam'iyyar Soshalis ta Pietro Nenni, wadda ta fara nesanta kanta da Tarayyar Sobiyat tun bayan da tankokinta suka murƙushe boren Hungary a 1956.

Manyan limaman coci da 'yan kasuwa da rabin DC ba su so. Moro bai yi musu gaba da gaba ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya jira, ya bar lokaci ya yi aikinsa, ga kuma sabon Paparoma John na 23 da gwamnatin Kennedy a Amurka da suka sassauta. A babban taron jam'iyya a Naples, a Janairun 1962, ya yi jawabi na kusan awa shida, aka tashi mafi yawan wakilai sun amince. A farkon Disamban 1963 ya kafa gwamnatinsa ta farko da jam'iyyu huɗu, Nenni na mataimakinsa. Rabon 'yan Soshalis da kujerar minista tun 1947.

Wata shida kacal ta yi. A Yunin 1964 majalisa ta yi watsi da wani ɗan kason kuɗi da aka ware wa makarantu masu zaman kansu, waɗanda galibinsu na coci ne, sai Moro ya yi murabus. Kuɗin ba su da yawa. Ainihin rigimar tana kan sauye-sauyen da 'yan Soshalis ke nema, musamman dokar filaye a birane da ta firgita masu gidaje da 'yan kwangila.

Makonnin da suka biyo baya suna cikin mafi duhu a tarihin jamhuriyar. Shugaban ƙasa Antonio Segni, wanda ba ya ƙaunar haɗakar, ya gayyaci Janar Giovanni De Lorenzo, kwamandan jandarmomin Carabinieri, zuwa fadarsa ana tsakiyar tattaunawa. Sai a 1967 mujallar L'Espresso ta bankaɗo cewa janar ɗin yana da shiri a ƙasa na mamaye muhimman wurare da kama jerin 'yan siyasar hagu. Har yau masana na gardama ko juyin mulki aka shirya ko barazana ce kawai. Ko ma wanne ne, ta yi aiki. Nenni ya janye mafi yawan buƙatunsa, Moro ya kafa gwamnati ta biyu a Yuli da jam'iyyun nan huɗu, da shirin da aka zare wa haƙora.

Ita ma makaranta ce ta kayar da ita. A Janairun 1966 aka kawo dokar kafa makarantun renon yara na gwamnati, fagen da coci ta daɗe tana riƙe da shi. Gwamnati ce ta kawo dokar, amma a ƙuri'ar sirri 'yan harbin ɓoye na DC suka kashe ta. Moro ya sake murabus, bayan wata guda ya sake dawowa da jam'iyyun dai. Wannan ta ukun ta kai har zaɓen 1968, fiye da shekara biyu, abin da a Italiyar wancan lokaci ake ƙirgawa a tsawon rai. Dokar renon yaran ma ta wuce a Maris 1968.

A nan ne hukuncin tarihi a kansa ya rabu biyu. Ya shigo da 'yan Soshalis cikin mulki ba tare da an zubar da jini ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma farashin shi ne jinkiri. Miliyoyin mutane sun yi ƙaura daga kudu zuwa masana'antun Turin da Milan, birane sun cika ba gidaje ba asibitoci, jami'o'i sun yi cunkoso, gwamnati kuwa tana ta ɗage yanke shawara don kada haɗaka ta watse. A zaɓen 1968 'yan Soshalis suka sha ƙasa, suka fice, aka kafa wata gwamnatin bakin teku, abokan Moro a DC suka ture shi gefe.

Shekarun harsashi

Daga Yunin 1968 zuwa Nuwamban 1974 Italiya ta yi gwamnatoci tara. Mariano Rumor kaɗai ya jagoranci biyar. Ta farkon Andreotti, a Fabrairun 1972, majalisar dattawa ta ƙi ta bayan kwana tara. Moro ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a shida daga cikinsu, inda ya kusantar da Italiya da ƙasashen Larabawa.

A waje kuwa ƙasa na tafasa. Ɗalibai da ma'aikata sun cika tituna. Ranar 12 ga Disamba 1969 bam ya tashi a wani banki a dandalin Piazza Fontana da ke Milan, ya kashe mutum 17, aka fara ɗora wa 'yan hagu laifi, daga baya bincike ya nuna masu tsattsauran ra'ayin dama ne, kuma wasu jami'an leƙen asiri sun taimaka wajen ɓatar da sawu. Daga ɗaya gefen aka samu ƙungiyoyin hagu masu ɗauke da makamai, mafi haɗarinsu Brigate Rosse, wato Jajayen Dakaru, waɗanda suka fara da ƙona motocin manajoji, suka koma sace mutane, suka ƙare da kisa.

Moro na cikin 'yan ƙalilan a DC da suka ɗauki boren matasan da muhimmanci. Tun 1969 ya fara cewa dole a saurari 'yan Kwaminis. Tunaninsa shi ne, dimokuraɗiyyar da jam'iyya ɗaya ba ta taɓa faɗuwa, ɗaya kuma ba ta taɓa hawa, gurguwa ce, kuma za ta ruɓe daga ciki. A ɗaya ɓangaren ya samu abokin tunani. Enrico Berlinguer, shugaban PCI, ya kalli yadda sojoji suka kifar da Salvador Allende a Chile a 1973, ya yanke cewa ko 'yan hagu sun ci zaɓe da ƙaramin rinjaye ba za a bar su su yi mulki ba, sai dai su nemi fahimtar juna da 'yan Katolika.

Moro ya dawo Firaminista a Nuwamban 1974, cikin tsadar mai da hauhawar farashi. A wannan gwamnati ta huɗu aka rage shekarun zaɓe zuwa 18, aka gyara dokar iyali ta daidaita miji da mata, aka rufe rigimar kan iyaka da Yugoslabiya da yarjejeniyar Osimo. A Janairun 1976 'yan Soshalis suka janye goyon baya, ya sauka. Ta biyar, wadda DC ce kaɗai a cikinta, ba ta kai wata uku ba ta faɗi kan dokar zubar da ciki, ya yi murabus a ƙarshen Afrilu.

Zaɓen Yunin 1976 ya kawo lissafin da ba shi da mafita: DC kashi 38.7, PCI kashi 34.4. Ba mai iya mulki ba tare da ɗayan ba. Dabarar da aka ɓullo da ita sai a Italiya: Andreotti ya kafa gwamnatin DC zalla, 'yan Kwaminis da sauran jam'iyyu suka ƙaurace wa ƙuri'a, ba su amince ba kuma ba su ƙi ba. Moro, wanda ya zama shugaban majalisar ƙoli ta DC a Oktoba, shi ke riƙe da zaren daga bayan fage. Ba waliyyi ba ne a wannan matsayi. Lokacin da badaƙalar cin hancin kamfanin jiragen Lockheed ta taso, ya miƙe a majalisa a Maris 1977 ya kare jam'iyyarsa baki ɗaya, da zafin da ba a saba ji daga gare shi ba.

A ƙarshen 1977 Berlinguer ya gaji da ɗaukar nauyin matakan tsuke bakin aljihu ba tare da muƙami ba, ya nemi a shigar da su gwamnati. Ranar 12 ga Janairu 1978 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan hakan. Bayan kwana huɗu Andreotti ya yi murabus. Moro ya sake samo tsaka-tsaki: 'yan Kwaminis za su kaɗa wa gwamnati ƙuri'ar amincewa, su sa hannu a shirinta, amma ba minista ko ɗaya. Ranar 28 ga Fabrairu ya tsaya gaban 'yan majalisar DC, waɗanda da yawansu suka zo da niyyar ƙi, ya lallashe su har suka yarda. Shi ne jawabinsa na ƙarshe. Ana kuma ganin shi ne zai zama shugaban ƙasa a ƙarshen shekarar.

Kwana 55

Masu tsaron da aka kashe su ne Oreste Leonardi, wanda ya shafe shekaru da dama tare da shi, da Domenico Ricci, da Giulio Rivera, da Raffaele Iozzino, da Francesco Zizzi wanda ya cika a asibiti. Motar Moro ba mai sulke ba ce. Kafin wayewar gari majalisun biyu sun amince da gwamnatin Andreotti, har da ƙuri'un 'yan Kwaminis, waɗanda da safiyar ranar suke ta gunaguni kan jerin ministocin.

Jajayen Dakaru sun ɓoye shi a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki da suka gina a bayan bango cikin wani gida a titin Via Montalcini, a cikin Rum ɗin. Jagoransu Mario Moretti ne ke masa tambayoyi, a abin da suka kira shari'ar jama'a. A wurinsu Moro shi ne ginshiƙin tsarin da suke yaƙa, haɗakarsa da PCI kuma cin amanar juyin juya hali ne. Daga baya suka nemi a saki fursunoni 13.

Gwamnati ta ce ba ciniki. Andreotti da ministan cikin gida Francesco Cossiga da shugabannin DC suka tsaya a kan haka. 'Yan Kwaminis sun fi kowa tauri, domin suna son nuna ba su da alaƙa da masu ɗauke da jar tuta da bindiga. Hujjarsu tana da nauyi: in aka saki 'yan ta'adda saboda babban mutum, me za a gaya wa matan masu tsaron nan biyar, kuma wa zai hana a sace wani gobe? Bettino Craxi na 'yan Soshalis ne babban wanda ya nemi a yi wani sassauci, ko da sakin fursuna ɗaya ne marar lafiya.

Moro ya yi abin da ya iya duk rayuwarsa, ya shiga tattaunawa, wannan karon da alƙalami daga kurkuku. Ya rubuta wasiƙu da dama, ga Cossiga, ga sakataren jam'iyya Benigno Zaccagnini wanda shi ya ɗora shi a kujerar, ga Paparoma, ga matarsa. Ya kawo hujjar shari'a cewa ƙasashe na musayar fursunoni, kuma ran mutum ya fi wata ƙa'ida da aka ƙanƙame. Da ya ga shiru, harshensa ya yi kaifin da ba a taɓa ji ba, ya ambaci abokansa da suna ya ɗora musu alhakin jininsa. Amsar da aka ba shi ta fi ƙin amincewa ciwo: aka ce ba shi ne ke magana ba, tilasta shi aka yi, ko hankalinsa ya gushe. Wasu tsofaffin abokansa har takarda suka sa wa hannu cewa wannan ba Moron da suka sani ba ne. Marubuci Leonardo Sciascia, wanda ya fitar da littafi kan lamarin a shekarar, yana cikin waɗanda suka ce wasiƙun nasa ne, kuma da an so an fahimce su.

Binciken 'yan sanda abin kunya ne. An kafa shingaye a ko'ina, ba a gano komai ba. An samu sunan Gradoli, ta bakin wasu malaman jami'a da suka ce wai a zaman kiran ruhohi suka ji shi, cikinsu har da Romano Prodi wanda ya zama Firaminista daga baya. Jami'ai suka tafi wani ƙauye mai wannan suna suka birkice shi, alhali a Rum akwai titin Via Gradoli, inda Moretti ke kwana. Yoyon ruwa ne ya tona gidan ranar 18 ga Afrilu. A ranar ce kuma wata sanarwar bogi ta sa aka tafi fasa ƙanƙara a wani tafki a kan duwatsu ana neman gawar mutumin da ke raye.

Paparoma Paul na Shida, tsoho mai shekara 80, ya rubuta wa masu garkuwar da hannunsa yana roƙon su saki abokinsa, amma ya ce ba tare da sharaɗi ba, abin da Moro ya fahimta a matsayin rufe ƙofa. Ranar 30 ga Afrilu Moretti ya buga waya gidan Moro ya ce magana ɗaya daga shugabancin DC za ta iya tsayar da hukuncin. A cikin ƙungiyar ma akwai waɗanda suka ƙi kisan, irin su Valerio Morucci da Adriana Faranda, amma aka rinjaye su. An shirya shugabannin DC za su zauna ranar 9 ga Mayu, ana sa ran Fanfani zai yi maganar sassauci.

Da sassafen ranar aka sa Moro ya kwanta a bayan wata jar mota ƙirar Renault 4, aka harbe shi. Moretti ya ce daga baya shi ne ya yi harbin. Suka ajiye motar a titin Via Caetani, 'yar tafiya kaɗan daga hedikwatar DC da ta PCI. Yana da shekara 61.

Jana'iza biyu

A wasiƙunsa ya bar wasiyya cewa kada wani jami'in gwamnati ko na jam'iyya ya halarci jana'izarsa. Iyalinsa suka cika masa. Washegari suka binne shi a ƙauyen Torrita Tiberina, arewa da Rum, su da 'yan makusanta. Ranar 13 ga Mayu gwamnati ta yi nata taron addu'a a babban cocin San Giovanni, manyan ƙasa sun cika sahu, Paparoma ya zo da kansa, amma babu gawa, babu matarsa da 'ya'yansa. Cossiga ya yi murabus daga ma'aikatar cikin gida. Paparoman ya rasu a watan Agusta.

Tambayoyin ba su mutu ba. A 1981 aka gano jerin sunayen wata ƙungiyar asiri mai suna P2, a ciki har da shugabannin hukumomin leƙen asirin da ke kan aiki lokacin da ake neman Moro, badaƙalar da ta kayar da gwamnatin Arnaldo Forlani. A shekarar ce Jajayen Dakaru suka sace wani ɗan siyasar DC na yankin Naples, Ciro Cirillo, aka yi ciniki, aka biya kuɗin fansa, ya dawo gida. A 1990 masu gyaran wani gida a Milan suka ci karo da ƙarin rubuce-rubucen Moro na kurkuku a bayan wani allo, a gidan da jami'an tsaro suka riga suka bincika tun 1978. Kotuna sun yanke wa waɗanda suka yi kisan hukunci, ba su tabbatar da hannun wata ƙasar waje ba, amma majalisa ta yi ta kafa kwamitocin bincike har cikin wannan ƙarni.

Yarjejeniyar da ya ɗinka ba ta yi shekara ba bayansa. A Janairun 1979 Berlinguer ya koma adawa, Andreotti ya yi murabus, aka tafi zaɓe kafin lokaci. PCI ba ta ƙara samun minista ba har ta sauya suna a 1991. Ita ma DC ta watse a farkon 1994, bayan alƙalan Milan sun tona yadda jam'iyyun da ke mulki suka daɗe suna raba kuɗin kwangila.

Sai a Oktoban 1998 wani da ya taso a Jam'iyyar Kwaminis, Massimo D'Alema, ya zama Firaministan Italiya. Ƙuri'un da suka cike masa rinjaye sun fito ne daga wata ƙaramar jam'iyya da Francesco Cossiga ya kafa. D'Alema ya yi murabus a Disamban 1999, ya sake kafa gwamnati, ya sake yin murabus a Afrilun 2000.